Rasuwar Uwar Iri, Kwamfutar Masu Albasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fushi ya cinye rabinsa, Malam Siddiƙu, mai ajiyar iri na ƙungiyar manoman albasa ta Gwandu da Kalgo, yana sanar da 'yan ƙungiya, da dattawan Ceberu da Malisa da Wurogauri, rasuwar kwamfutar ofishinsu na Gwandu, wadda ya raɗa wa suna Uwar Iri. Ta rasu wata Talata da hantsi, bayan kaka, a kan teburinta, da ƙoshin lafiyarta. Ba faɗuwa ta yi ba. Ruwa bai shige ta ba, wuta ba ta ƙone ta ba. Waɗanda suka kawo ta su suka gama da ita, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu.

Ba za a ce Allah ya jiƙanta ba, ƙarfe ce. Amma za a faɗi halinta, mai kyau da marar kyau, domin ta tafi da amana. A cikinta ne hoton mai ɗakinsa Tasalla yake, Allah ya jiƙanta da rahama. Babu wani hotonta a duniya sai shi.

An kawo marigayiya bayan an kwashe albasar rani, cikin kwali, a bayan mota. Mutum biyu suka rako ta daga Birnin Kebbi, ma'aikatan kamfanin da ƙungiya ta ba aikin: Abdulrasheed, dogo mai tabarau, da abokiyar aikinsa Jidda. Suka ce ƙungiya tana son kowane manomi ya shiga rumbu ɗaya, da sunansa da hotonsa da yatsansa da wurin gonarsa, don ranar rabon iri da taki kada wani ya karɓa sau biyu, wani ya koma hannu rabbana. Kwamfutoci da yawa za a raba wa garuruwa. Amma ba a sakin su lokaci guda. Sai an kafa ɗaya, an gwada ta, an wahalar da ita, an gyara duk inda ta yi tuntuɓe. In ta tsaya da ƙafarta, sai a zuba ta cikin sauran, su fito kamarta sak.

Malam Siddiƙu bai yi nisa a boko ba, amma wannan magana bai nemi a maimaita masa ba. Aikinsa ke nan tun gemunsa na baƙi. In an cire albasa, a zaɓi manyan kawuna masu lafiya, a ajiye, a sake dasa su, su yi fure, su ba da irin da kowa zai shuka. Abin da ya ci gwaji shi ake ajiyewa. Abin da ke cikin uwa shi ke fita a ɗiya. Haka ya gane, haka ya gaya wa mutane a gaban masu aikin. Suka yi dariya, suka ce sunan ya dace. Ba wanda ya ce masa a'a.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri. Wannan ko maƙiyinta ya shaida. An kafa mata allon sola a kan rufi, an haɗa mata batir, an ajiye mata ɗan akwatin ɗora yatsa a gefe. Sa'an nan aka shiga gana mata azaba da gangan. A bari tana tsakiyar rubuta mutum, a zare mata wuta, a ga ko za ta manta. Ba ta manta ba. A rufe taga cikin zafin bazara, a ga ko za ta suma. Sau ɗaya ta suma. Aka ɗora ta a kan bulo iska na shiga ta ƙasa, ba ta ƙara ba. A raba ta da sabis kwana da kwanaki, ta riƙe abin da aka ba ta, ba ta zubar da ko ɗaya ba.

In an kunna ta da safe, sai ta yi wurrr kamar mai gyaran murya, ta yi ɗan shiru, ta ce tilin. Magana uku ta iya, cikin muryar Jidda da aka naɗa mata. In yatsa ya zauna daidai ta ce, "An karɓa." In bai zauna ba ta ce, "A sake ɗorawa." In aka nemi wanda ba ta sani ba ta ce, "Ba a samu ba." Ba ta da surutu. Malam Siddiƙu yana ganin girman mai irin wannan hali.

Da fari ta raina babban yatsan manomi. Fartanya da ruwan rijiya sun cinye zanensa, ita kuwa ta nace sai shi. Dattijo ya taso tun daga Malisa, ta yi ta ce masa a sake ɗorawa har ransa ya ɓaci. Abdulrasheed ya zauna da ita ya koya mata karɓar kowane yatsa da ya rage da zane. Ta koya. Ta rikice da yawan Muhammadu. Aka koya mata haɗawa da laƙabi da sunan gari. Ta koya. Matan da ba su faɗin sunan miji, aka bar wata ta faɗa musu. Duk abin da ɗiyanta suke taƙama da shi yau, a wannan ɗaki aka haife shi, da gumin mutanen da Malam Siddiƙu ya bi gida gida ya kira da bakinsa.

Ta kuma kasance mai gaskiya. Masu aikin sun so su ga ko za a iya yi mata ƙarya. Suka ƙirƙiri mutanen da ba a haifa ba suka zuba mata. Suka sa Lukuman na Ceberu, abokin wasan Malam Siddiƙu tun ƙuruciya, ya shiga da sunansa, ya fita, ya naɗo rawani, ya dawo da wani suna yana ɗingishi. Ta yi ƙara ta fito da fuskarsa ta ɗazu. Ofis ya ɗauki dariya. Lukuman ya ce, "Siddiƙu, wagga aba taka halinka gare ta. Ba ta wasa, ba ta mantuwa, ba ta ba da kyauta." Malam Siddiƙu ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Yau ya san ɗaya daga cikin ukun ƙarya ce.

Shi aka fara sakawa. Lamba ɗaya. Da aka zo kan mata, aiki ya tsaya. Jidda ta ce ba za a saki Uwar Iri ba sai an ga yadda take ɗaukar fuska cikin lulluɓi, ba kuwa macen da ta yarda ta fara. Malam Siddiƙu ya koma gida ya yi magana guda. Tasalla tana da 'yar gonarta, tana kuma sayar da gabu, busasshen ganyen albasa, amma ba ta taɓa zama gaban kyamara ba. Ba ta yi katin zaɓe ba. In jikoki suka ɗaga waya, bango take ba su. Ta dube shi ta ce, "In dai sau guda na, kuma don kar ka ji kunya." Ta yafa mayafi ta biyo shi a baya.

Jidda ta zaunar da ita ta ce, "Inna, ɗan ɗago kai. Ki ɗan yi murmushi mana, ba allura ba ce."

"Mi za ni yi ma murmushi? Akwati?"

Dariyar da ta so ta ɓoye ita aka ɗauka. An karɓa, in ji marigayiya. Lamba biyu. Bayanta mata suka yi layi har waje. Da Tasalla za ta fita, ta ga zanzaro yana zagaya akwatin yana neman wurin gini, ta ce abin mutane bai kamata ya kwana tsirara ba. Ta yanka wani tsohon zanenta mai ruwan bula, ta ɗinka mata murfi.

An ɗora wa Malam Siddiƙu aiki ɗaya. Kowace safiya ya buɗe ofis, ya yaye murfi, ya kunna, ya danna lambar mutum ɗaya, ko wane ne, ya ga ko ta kwana da tunaninta. In fuska ta fito, lafiya. Ya yi ta danna lambobi iri iri har damina ta sauka.

A daminar nan Tasalla ta kwanta da zazzaɓi. Ba ta daɗe ba.

Daga nan bai ƙara danna wata lamba ba sai biyu. A nan za a faɗi abin da ba a faɗa a zaure. Ya zauna da matar nan tun yana saurayi, bai taɓa tsura mata ido ba. Ba haka aka rene su ba. Ya san takunta, ya san tarinta, ya san yadda take ajiye kwano in tana fushi. Fuskarta kuwa a sace ya san ta. Sai a gilashin Uwar Iri ya dube ta sosai, ba mai kallonsa, ita ma ba ta kawar da kai. A nan ya ga ashe tana da tawadar Allah 'yar ƙarama ƙasan ido. Yakan tsaya gwargwadon shan kofin shayi, ya kashe, ya mayar da murfi, ya tafi ɗakin iri. Marigayiya ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wannan ma a rubuta mata.

Amma an lura. Wata rana Abdulrasheed ya zo dubiya ya ce, "Baba, ka riƙa canza lamba mana. Kullum biyu kake dannawa."

Malam Siddiƙu ya ce, "Ita ta fi kusa da yatsana."

Abdulrasheed ya yi dariya ya wuce. Yaron da ya ci tuwon gidan. Yaron da ya zo gaisuwar mutuwa ya zauna a kan tabarma ya shafa fatiha.

Ciwon ajalinta shi ne cin jarrabawa. Bayan kaka masu aikin suka iso da fara'a, da wani ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana. Shugabannin ƙungiya suka cika benci. Lukuman ma ya zo, don ba a taro babu shi. Abdulrasheed ya ce Uwar Iri ta wuce duk gwaji, yau za a kwafe ta. Amma kafin nan sai an wanke ta, mutanen gwaji duk su fita, don kada ƙaryar da aka zuba mata ta bi ɗiyanta.

Malam Siddiƙu ya ce, "Na gaskiya fa?"

"Duk na gwaji ne, Baba. Ƙa'idar aiki ce, ba a ajiye fuskar da aka ɗauka don gwaji. Ba komai, kowa zai sake zuwa a ɗauke shi."

Kowa zai sake zuwa. Haka ya ce, yana goge tabarau da bakin riga. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Ko akwai abin da kake so a cire maka a ciki?"

A gaban benci ya yi tambayar. A gaban Lukuman, wanda in ya ji magana da safe, kasuwar Gwandu ta ji ta kafin azahar. A gaban Jidda, sa'ar jikarsa. Dattijo mai furfura ya buɗe baki a wurin nan ya ce a cire masa hoton matarsa, yana kallo kullum? Wanda ya san mutane ba ya yin irin wannan tambaya a fili. Ja yake yi gefe. Ko kuwa ya yi shiru, ya yi abin da ya kamata, ya wanko hoton ya sa a aljihun tsoho ba tare da sun haɗa ido ba.

Malam Siddiƙu ya ce, "Babu."

Ya sa rai ita za ta ƙi. Ita da ta tsayar da dattijo rabin yini a kan yatsa. Ita da ta kama Lukuman da rawani. Ita da aka zare wa wuta ba ta saki ko mutum ɗaya ba. Ta san wanda ke zuwa kowace safiya, ta san lambar da yake nema. Abdulrasheed ya danna, ta yi tilin, ya sake dannawa. Wani koren layi ya ratsa gilashin daga hagu zuwa dama. Sai ta ce, "An karɓa." Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Aka tafa.

Duk da haka bai yanke ƙauna ba. An ce ɗiyan za su fito kamarta sak, shi kuwa bai taɓa ganin irin da ya manta uwarsa ba. Jar albasa ba ta haifar fara. Ranar da aka buɗe rajista a babban ofishin Kalgo, ya sa farar riga ya hau mota. Ya tarar da babbar ɗiyarta a kan tebur, an ɗora ta a kan bulo yadda aka koya a Gwandu. Wurrr ɗin iri ɗaya. Tilin ɗin iri ɗaya. Ya bi layi kamar kowa. Da ya iso, ya ce wa ma'aikacin wurin, wani Umar Faruk, ya danna masa biyu. Ya danna. Wani mutumin Kalgo ya fito, mai gashin baki da haƙorin makka, yana washe baki.

Umar Faruk ya ce, "Ba shi ba ne? To, Baba, faɗi sunan sai mu nema."

Ya ce Tasalla. Aka ce ba a nema da laƙabi kaɗai, sai da sunan yanka. Sunan da bai ji a bakinsa ba tun da aka ɗaura musu aure. Bayansa layi ya kai bakin titi. Ya sunkuya ya faɗa.

"Wa? Ɗaga murya, Baba, janareta na ƙara."

Ya ɗaga. Kalgo ta ji. Ba za a maimaita shi a wannan takarda ba.

Ɗiyar ta yi ɗan shiru irin na uwarta. Ta ce, "Ba a samu ba."

Labari ya kai Birnin Kebbi. Abdulrasheed ya zo har gida, ya durƙusa a zaure, ya ce ya bincika ko'ina, ba a bar komai ba. Ya ce, "Baba, wallahi da ka faɗa mini, da na wanko maka shi babba, har da gilashi."

Malam Siddiƙu ya ce, "Da ka tambayi ko wace ce biyu."

Aka kawo masa ruwa, ya sha, aka sallame shi. Jidda ta aiko da gaisuwa, an ce ta yi kuka. An amsa. Masu cewa ƙa'ida ce, an ji. Ba a musun ƙa'ida. Amma su suka zuba tsakuwa a cikin iri da hannunsu don su gwada rariya, da suka tashi tsincewa sai suka zubar da buhun gaba ɗaya. Da mai ajiyar iri ne ya yi haka, da tuni an karɓe mabuɗi.

Akwai kuma masu cewa ba ta mutu ba, tunda in an kunna tana wurrr, tana tilin. Su je su kunna. Su danna ɗaya, su danna biyu. Abin da ke kan teburin nan bai san kowa a Gwandu ba. Gida ne da aka kwashe kaya aka bar fitila.

Marigayiya ta rasu ta bar ɗiya da yawa, a Kalgo da Ceberu da Malisa da Wurogauri da wasu garuruwa. Duk sun gaji muryarta. Sun san yatsan manomi, sun san bambanta Muhammadu da Muhammadu, ba su jin tsoron zafi. Ba wadda ta san inda ta koya. Ta bar allon sola a kan rufi, yana shan rana ba dalili. Ta bar batir, da ɗan akwatin yatsa wanda ya yi baƙi da hannun mutanenmu. Ta bar dattawan da aka ce musu su ne na farko, yanzu suna bin bayan layi suna tambayar ina maganar Siddiƙu ta kwana. Ta bar Lukuman, wanda tun da ya ji abin da ya faru a Kalgo bai yi wasa ba ko sau ɗaya, kullum sai ya zo ya zauna ya tafi. Wannan ya fi tsokanarsa ciwo. A gaya masa.

Lamba ɗaya an ba wani. Malam Siddiƙu bai tambayi ko wane ne ba.

Za a ɗauki gawa ranar Alhamis bayan azahar, daga ofishin ƙungiya. Motar kamfani za ta kai ta Birnin Kebbi, inda aka ce za a ɗora ta a kan kantar ofishinsu, a riƙa auna sababbi da ita. Ba salla, ba rakiya. Malam Siddiƙu zai buɗe ƙofa, zai rufe. Ba zai kama ba. A zo da kwalinta, don tsirara za ta fita. Murfin ba kayan ofis ba ne, ya riga ya koma gida.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidansa, gindin dogon yaro, da safe, lokacin da ya saba kunna ta. Kada a kawo komai. Kada a ce Allah ya ba da wata, an riga an ba da, ta fi goma. Kada a ɗaga waya.

Mata tsofaffi da suka yi zama da Tasalla, in sun zo, a shimfiɗa musu a zauren ciki, inda murya ke fitowa waje. Su yi hirarsu yadda suka saba. In hira ta biyo ta kan 'yar tawadar Allah da ke ƙasan idonta, a faɗi ko idon dama ne ko na hagu. A ɗan ɗaga murya.

Shi ba zai tambaya ba.